Sunan Mamaci a Layin Wuta

Shafi na 17

Masu aiko min da saƙo cewa Nabukenya ta sa hannu kawai ta tsira da aikinta, wai ai mamaci ba ya jin kunya, na karanta saƙonku duka. Ga amsarku daga bakinta.

*

Takarda ɗaya ce a kan teburin, da biro a gefenta.

Ƙarfe goma sha biyu da kwata na rana Nabukenya ta shiga ɗakin taron kamfanin wutar Nsozi. Tun a ƙofa mai gadi ya karɓe katin aikinta, ya rataya mata na baƙi a wuya, yana ta sunkuyar da kai don shi ma ya ci arziƙin ubanta. Ba ta ɓoye katin ba. Gyara shi ma ta yi, ta juyo da rubutun waje yadda duk wanda ta wuce zai karanta.

Injiniya Kiggundu, manajan kamfanin, yana zaune a kan tebur ya harɗe yatsu bisa tumbinsa. A damansa Madam Atuhaire ce, lauyar kamfani, da tabarau a ƙarshen hanci. Can ƙurya kuma Nalongo, uwar 'yan biyu, wadda ta shekara ashirin da shida a kujerar ɗakin sarrafa wuta. Ita kaɗai ce ba ta ɗago ba.

Ta bayan gilashin da ya raba su da ɗakin sarrafawa ana hango babban allo. Layukan wutar garin Masaka duk kore ne. Tukuna.

"Zauna, 'yata," in ji Kiggundu.

"Na fi son tsayuwa, Yallaɓai."

"Ko gaisuwa babu? Ba haka ubanki ya rene ki ba."

"Na durƙusa maka ranar olumbe, bikin ƙarshen makokin Baba, a gaban dangi duka. Ka san abin da na roƙa. Har yau gwiwar ba ta warke ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya yi wa lauya alama da haɓa.

Madam Atuhaire ta gyara tabarau. "Bari mu taƙaita, lokaci ba namu ba ne. Litinin ƙarfe ɗaya an kashe layin kasuwa. Talata ƙarfe ɗaya, famfunan ruwa. Jiya mitocin gida dubu huɗu a unguwar Nyendo suka mutu lokaci guda. Duk sau ukun, sunan da na'ura ta nuna ya shigo ya ba da umarni shi ne Bukenya. Mahaifinki."

"Wanda ya yi wata huɗu a kabari."

"Shi. Kuma masu kutsen sun bar saƙo cewa yau layin asibitin mishan za su taɓa, gobe gari duka, in ba a biya su ba."

"Na karanta saƙon kafin ke, Madam. Ni na gano shi. Ladan da na samu ke nan a wuyana."

"Bayan na Litinin," Kiggundu ya karɓa, "na canza kalmar sirrin Mzee, dattijon mahaifinki, da hannuna. Mutum uku suka san sabuwar: ni, Nalongo, da ke. Talata suka dawo. Na sake canzawa. Laraba suka dawo. To ki faɗa min, ni ne ɓarawon ko Nalongo?"

"Ci gaba, Yallaɓai. Ina so in ji ƙarshen waƙar."

Lauya ta turo takardar gabanta da yatsa ɗaya.

"Hanya biyu ce. Ko dai mu miƙa sunanki ga 'yan sanda yau da yamma, a matsayin wadda ta buɗe wa ɓarayi ƙofa. Ko ki sa hannu a nan, cewa kin gano a cikin bincikenki marigayi ya sayar da hanyar shiga kafin ya rasu. Sai a rufe magana. Ki karɓi katinki, ki koma kujerarki."

Nabukenya ta ɗauki takardar. Ta karanta ta daga sama har ƙasa, ba gaggawa. Sunan ubanta ya fito sau biyar.

Mzee Bukenya. Mutumin da ya hau falwaya tun ana ɗaura igiya a ƙugu, ya koyi kwamfuta da furfura a kansa, ya kafa wa kamfanin nan tsarin da ake kunna tasha tara daga kujera ɗaya. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa makara ba. Duk wanda aka yi wa rasuwa a ƙauye, Mzee ne zai ce, "Tafi ka binne naka, ni zan riƙe maka kujera." Har mahaifiyarta takan yi masa gori cewa ya rufa wa kowa asiri ban da matoke, tuwon ayabar da ke hucewa a gida.

"Mamaci ba ya zuwa kurkuku, 'yata," Kiggundu ya sassauta murya. "Ke kuma kina da sauran rayuwa. Ko aure ba ki yi ba. Shi da kansa zai ce ki sa hannu."

"Za ka iya tambayarsa? Ai har yanzu yana kan aiki a wurinku. Ƙarfe ɗaya yake zuwa."

Nalongo ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ba wasa muke yi ba," in ji lauya.

"Ni ma haka." Nabukenya ta ajiye takardar, ta kife ta. Ta zuge jakarta ta fito da wasu guda uku, ta jera su a kan ta lauyar. "Ku ma ku yi karatu. Wannan na rubuta kwana biyu bayan an binne Baba. Wannan bayan wata ɗaya. Wannan sati uku da suka wuce. Magana ɗaya ce a ciki: a rufe akawun ɗin Bukenya, a karɓo kwamfutar aikinsa daga gida in goge ta. Madam, karanta mana abin da aka rubuta da jan biro a ƙasan ta farko."

Lauya ta matso da takardar kusa da ido.

"Karanta mana, ai ke ce mai boko."

"'A jira a yi olumbe. Ba a share sunan mutum kafin a naɗa magajinsa.'"

"Sa hannun wa?"

Kiggundu ya gyara zama.

"Al'ada ce," Kiggundu ya ce. "Ke kin je Turai kin dawo kin manta, mu ba mu manta ba. Mutum yana raye a gidansa har a naɗa wanda zai gaje shi. Da wane ido zan dubi gwauruwarsa in ce ki miƙo min kayan mijinki ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

"Nairobi na je, Yallaɓai, a motar haya. Kuma ban manta komai ba. Ni na dafa abincin olumben, ni na wanke tukwanen. Amma na'ura ba ta san takaba ba. Ƙofa ce a buɗe, kuma ɓarawo ba ya tambayar ko an naɗa magaji."

"To an yi olumben ai. Sati biyu ke nan."

"An yi. Shi ya sa na zo muku da fim."

Ta fito da wayarta, ta jingina ta da kwalbar ruwa yadda duka ukun za su gani, ta danna.

Rumfar gidansu ce, cike da mutane. Ga yayanta Kasozi a tsaye, an yafa masa mayafin gargajiya na ɓawon itace a kafaɗa, an danƙa masa mashi. Sai ga Kiggundu cikin farar doguwar riga ta kanzu da kwat a sama, ya karɓi makirfo. Muryarsa ta cika ɗakin taron.

"A madadin kamfani, wannan kwamfutar da Mzee ya yi mana aiki da ita dare da rana, da wannan zoben makullan da ba ya rabuwa da shi, mun bar wa magajinsa kyauta. Kayan uba na ɗa ne."

Aka ɗau guɗa da tafi. A gefen hoton ana ganin wata mace ta durƙusa kusa da ƙafarsa tana magana, shi kuma yana kore ta da bayan hannu.

Nabukenya ta tsayar da fim ɗin daidai nan.

"Wannan mai durƙuson ni ce. Cewa nake yi a ba ni minti goma in goge ta kafin a miƙa. Yallaɓai, ka tuna amsarka, ko in tuna maka?"

Kiggundu ya kalli silin.

"Ka ce 'ya mace ba ta taɓa kayan magaji."

Madam Atuhaire ta cire tabarau. Wannan karon manajan take kallo.

"Ba ka gaya min wannan ba, Injiniya."

"Don ba shi da alaƙa. Kwamfutar a kulle take. Kuma na ce na canza kalmar sirri har sau biyu. Ko Kasozi ya buɗe ta, da me zai shiga?"

"Kalmar sirri ta masu ƙwanƙwasa ƙofa ce," in ji Nabukenya. "Kwamfutar Baba ba ta ƙwanƙwasawa. Shi ya gina tsarin nan, ya sa mata mabuɗi a cikinta don kada ya sha wahala in an kira shi daga gida. Da ta leƙo, tsarin zai buɗe mata kamar kare ya ga maigida. Ka canza kalma sau ɗari, ba ta nan suke shigowa ba. Shafi na biyu na takardata ta biyu. Da ka juya shafin da ka gani."

"To yayanki ne ke nan. Duk gidan ɗaya ne."

"Yaya Kasozi ko mitar gidansa matarsa ke sa masa lamba. Amma bari mu tambaye shi."

Ta kira, ta buɗe murya. Ya yi ƙara uku kafin a ɗauka. Hayaniyar Kampala ta shigo ɗakin, hon na 'yan acaɓan boda-boda da masu talla.

"Yaya, ina wuni."

"Ke, har yanzu Yaya? Ni ne ubanki yanzu, an ba ni mashi a gabanki."

"Na ji, Baba ƙarami. Maimaita min abin da ka gaya min da safe. Ina ka kai kwamfutar Baba?"

"Kin dame ni da kwamfutar nan. Na ce miki a kulle take, yara suna son kallon fim, sai na kai wa masu gyara a ƙasan bene, can wajen tashar mota. Suka ce in dawo bayan kwana uku."

"Ka koma?"

"Na koma mana. Sun buɗe ta tas. Mutanen kirki, ko ladan aikinsu sun ƙi karɓa. Har shayi da capati suka saya min, suna ta tambayata aikin marigayi."

"Ka gaya musu?"

"Me zan ɓoye? Ubana ne ke kunna Masaka yana kashewa daga kan kujera, in ƙi faɗa? Ke wai lafiya?"

"Lafiya lau. Gai da yara."

Ta kashe.

Agogon bango ya nuna ɗaya saura minti goma sha takwas.

"Sun kwafe duk abin da ke cikinta," ta ce. "Ba Baba ne ya sayar da ku ba. Ba ni ba ce. Kyauta aka ba da ku, da makirfo, ana guɗa."

Kiggundu ya miƙe. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ɗakin.

"Ke yarinya, ki san da wa kike magana. Ni na sa hannu aka ɗauke ki aikin nan, don darajar ubanki. Ban da shi, wa zai ba mace kujerar tsaro?"

"Mu arba'in da biyu muka zauna jarrabawar, Yallaɓai. Sakamakon yana manne a allon sanarwa har rana ta cinye shi. Ka san lambar da na zo. Shekara biyu ina nan kuna kirana 'yar Mzee, kuna aikena in haɗa shayi in baƙi sun zo. Na ce a riƙa turo wa kowa lamba a waya kafin ya shiga, kuka ce raini ne a tambayi dattijo shaida sau biyu. Na ce a daina cusa filashin waƙoƙi a kwamfutar ɗakin sarrafawa, kuka sa min suna 'yar sanda. Na shanye. Zan iya shanye wata shekara biyun. Amma wannan," ta ɗora yatsa a kan takardar da ta kife, "ko hannuna za a yanke, ba zai rubuta ba."

"To me kike so?" Lauya ce ta tambaya, muryarta ta sauya.

"A rufe akawun ɗin Baba. Yanzu. Kafin ƙarfe ɗaya."

"Ba zai yiwu ba," in ji Kiggundu. "Jadawalin raba wuta, agogon tashoshi tara, duk a kan sunansa suke tafiya. Ba wanda ya san abin da zai tsaya in aka rufe. Sai dai mu koma yi da hannu."

"Sai ku koma. Da hannu kuka yi shekara ashirin, garin bai mutu ba."

"Hukumar da ke sa mana ido za ta tambayi dalili."

"Sai ka nuna musu fim."

"Ban ba da izini ba. Kuma ke a dakace kike, ba ki da ikon taɓa ko maɓalli ɗaya a gidan nan."

A nan ne kujera ta yi ƙara a ƙuryar ɗakin. Nalongo ce ta miƙe, a hankali, tana dafa tebur saboda ƙugunta.

"Ita ba ta da iko," ta ce. "Ni ina da shi."

"Nalongo, zauna."

"Kiggundu, ni na nuna maka inda banɗaki yake ranar da ka fara aiki a gidan nan. Kada ka ce min zauna." Ta juya ga Nabukenya. "Ranar da na haifi 'yan biyuna a asibitin nan da suke son kashewa, ubanki ne ya kwana biyu a kujerata. Jiya aka kira ni aka ce in yi shiru a taron nan, saura min shekara ɗaya in yi ritaya. Na yi shirun, ya ishe ni. Taho, 'yata."

Suka fita. Lauya ta bi su da takardu a hannu. Kiggundu ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan shi ma ya biyo.

A ɗakin sarrafawa ma'aikata goma sha ɗaya ne, kowa ya bar abin da yake yi. Wani yana riƙe da capati da ƙwai a takarda, ya manta da bakinsa a buɗe. Nalongo ta zauna, ta shiga da sunanta, sannan ta tashi ta juya wa Nabukenya kujerar.

"Ni ban san inda ake dannawa ba. Hannunki, sunana. In za a kama, a kama mu biyu."

Ɗaya saura minti tara.

Nabukenya ta zauna. Yatsunta suka san hanya ba tare da ta yi tunani ba. Ta buɗe jerin ma'aikata. Ga shi nan a sama, na farko, don shi ya fara shiga tsarin ranar da aka kafa shi. Ga ɗan hotonsa da hular kwano, yana murmushin nan nasa na gefe ɗaya.

Wata huɗu tana roƙon a yi wannan. Ba ta taɓa tunanin ita za ta yi ba.

Na'ura ta tambaya ko ta tabbata.

Idanun mutum goma sha huɗu a bayanta, wasu suna jiran su ga ta fashe da kuka don su ce ai dama mace ce. Ta haɗiye.

"Baba, ka tashi daga aiki," ta ce a hankali. "Lokacinka ya cika."

Ta danna.

Hoton ya dushe. Ta soke mabuɗin kwamfutar, ta bi duk wata kafa da ke ɗauke da sunansa ta toshe. A babban allo wasu akwatuna uku suka koma ruwan ɗorawa, alamar jadawali ya tsaya yana jiran mutum.

"Wannan naku ne," ta ce wa ma'aikatan. "Ku kira tashoshi, kowa ya tsaya kusa da makunninsa. Yau da baki da hannu za a yi."

Suka kalli Kiggundu. Ya kawar da kai. Suka ɗau wayoyi.

Ƙarfe ɗaya ta buga.

Ba wanda ya yi motsi. Layin asibitin mishan kore.

Ɗaya da minti ɗaya. Kore.

A ƙasan allonta wani jan layi ya fito: an yi ƙoƙarin shiga da sunan Bukenya, an hana. Ya sake fitowa. Ya sake. Sau bakwai.

"Ga ɓarayinku nan suna ƙwanƙwasa ƙofa," ta ce. "Madam, ina hannuwana?"

"A kan cinyarki," in ji lauya.

"Ki rubuta haka."

Mai capati ya yi dariya, wani ya fara tafi. Nalongo ta ɗora tafinta a kan Nabukenya kamar mai sa albarka. Kiggundu ya zaro hankici ya goge wuya.

"To, an gode Allah," ya ce. "Ai dama abin da nake shirin yi ke nan, sai dai komai yana da tsari. Maganar takarda kuma, za mu zauna mu..."

"Yallaɓai," wani ma'aikaci ya katse shi. "Kai ne ka shiga yanzu?"

"Na shiga ina?"

Mutumin ya nuna babban allo.

A saman kusurwar dama, inda sunan mai ba da umarni ke fitowa, wani sabon suna ya bayyana da farin rubutu.

KIGGUNDU.

Manajan ya kalli allon, ya kalli hannuwansa biyu, ɗaya da hankici, ɗaya babu komai.

"Ni ga ni nan tsaye."

"Mun gan ka," in ji Nabukenya. Ta riga ta juya ga na'urar, tana bugawa da sauri. "Daga waje aka shigo. Da kalmar sirrinka, daidai, bugu ɗaya. Wa ka taɓa ba wa?"

"Ba kowa. Ko matata ba ta sani ba."

"Yaushe ka canza ta?"

Kiggundu ya sake goge wuya da hankici.

"Yallaɓai, yaushe?"

"Tun da aka kafa tsarin ita ce."

Nabukenya ta tuna ubanta a kan tabarma da kwamfuta a cinya, tabarau a goshi, yana cewa, "Kaina ya tsufa, 'yata, komai sai na rubuta." Ta juyo da kujerar gaba ɗaya ta fuskanci ɗakin.

"Ina da tambaya, kuma ba ni da lokacin kunyar kowa. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa, ya tafi ƙauye binnewa, ya bar wa Baba kalmar sirrinsa don ya shiga da sunansa kada a rubuta masa fashi, ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa.

Sai Nalongo ta ɗaga nata.

Mai capati ya ɗaga. Na kusa da shi. Na bayansa. Ɗaya bayan ɗaya, har ma'aikatan goma sha ɗaya duka.

Kowa ya juya ga manaja.

"Lokacin rasuwar mahaifiyata ne," Kiggundu ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Sati biyu na yi. Shi ya ce in tafi."

"Kuma da abin da za ku saka masa ke nan." Ta nuna takardar da ke hannun lauya. "Kalmomin sirrinku duk suna cikin kwamfutar. Ya rubuta su don kada ya manta ya ba ku kunya. Yanzu ɓarayi suna da sunan kowa a ɗakin nan, kuma sun fara da wanda ya fi kowa iko."

"Rufe nawa ma, rufe."

"Sunan Nalongo ba ya rufe na manaja. Kai ka ce a tsara shi haka."

"To bari in shiga da kaina."

Ya ture wani ma'aikaci ya zauna, ya buga. Na'ura ta ƙi. Ya sake bugawa. Ta ƙi.

"Sun canza ta," in ji Nabukenya. "Abin da ka kasa yi a shekara tara sun yi a minti ɗaya."

A babban allo, ba tare da hannun kowa ba, taswirar ta matsa. Ta wuce kasuwa. Ta wuce famfunan ruwa. Ta tsaya a kan layin asibitin mishan, akwatin umarni ya buɗe.

"Saura hanya ɗaya," ta ce, ta riga ta miƙe. "A cire igiyar da ta haɗa mu da waje. Za mu makance daga nan, amma su ma sun fita."

Ta ruga ƙarshen ɗakin, inda kabad ɗin na'urori yake tsaye da ƙofar gilashi mai kauri, fitilunsa na ƙyaftawa. Ga shuɗiyar igiyar nan tana gani, tazarar hannu ɗaya. Ta ja marfin. A kulle.

"Makulli. Wa ke da makullin nan?"

Aka kalli juna.

"Mzee ne ke riƙewa," in ji Nalongo. "A zobensa."

Zoben da aka miƙa wa magaji da makirfo. Yana Kampala, tafiyar awa uku.

Nabukenya ta waiga, ta ga jar tukunyar kashe gobara a bango. Ta ciro ta da hannu biyu.

"Kada ki kuskura," Kiggundu ya miƙe. "Na'urar da ke ciki ta fi gidanku tsada. In kika fasa, kuma a dakace kike, ɓarna ce da gangan. Madam, gaya mata."

"Gaskiya ne," in ji lauya. "Wannan kam laifi ne da ido ya gani."

"Madalla. Ga shi kun samu na gaske." Ta gyara tsayuwa, katin baƙi yana lilo a ƙirjinta. "Ki juya bayan takardar nan ki rubuta shi da sunana, Nabukenya, da manyan baƙaƙe, zan sa hannu. Na Baba kuwa, ku cire bakinku daga kansa."

Ta ɗaga tukunyar sama da kanta.

A babban allo, koren layin asibitin ya fara ƙyaftawa.